Me ake nufi da maganin ciwon sukari nau'i na biyu?

Idan likita ya ce zai ɗora mutum a kan maganin ciwon sukari, ba ƙwaya guda yake nufi ba, domin sunan ya tattaro magunguna iri-iri, kuma kowanne da gaɓar da yake yi wa aiki. A nau'i na biyu na wannan ciwo jiki yana samar da sinadarin insulin, wanda ke rage sukarin da ke cikin jini, sai dai tsoka da hanta ba sa jin tasirinsa yadda ya kamata, kuma a kwana a tashi fankiriyas, wato gaɓar cikin ciki mai fitar da shi, takan gaza.

Wanda aka fi farawa da shi shi ne metformin, wanda likitan Faransa Jean Sterne ya bai wa masu ciwon a 1957, ko da yake Amurka ba ta amince da shi ba sai a 1994. Babban aikinsa shi ne hana hanta kwarara sukari fiye da kima cikin jini, kuma da wuya ya kayar da sukari ƙasa sosai idan shi kaɗai ake sha. Yakan jawo zawo da tashin zuciya a makonnin farko, abin da ke sa wasu su daina tun ba su ga amfaninsa ba, alhali shan sa tare da abinci da ƙara awonsa sannu a hankali kan rage wannan wahala. Shan sa na shekaru yana iya rage bitamin B12, kuma ba a ba wanda ƙodarsa ta yi rauni ƙwarai.

Gliclazide da glibenclamide kuwa fankiriyas suke matsa wa ta ƙara fitar da insulin, ko an ci abinci ko ba a ci ba, don haka wanda ya sha su ya tsallake abinci yana iya kamuwa da gumi, karkarwa, jiri, har suma, saboda sukarinsa ya faɗi ƙasa sosai. Wannan kaɗai ya isa dalilin da bai dace majinyaci ya ari ƙwayar wani ba.

Empagliflozin da dapagliflozin suna sa ƙoda ta zubar da sukari ta fitsari, kuma an tabbatar suna kare zuciya da ƙoda, yayin da semaglutide ke rage sha'awar abinci da nauyin jiki. Idan waɗannan suka kasa, sai a ƙara da allurar insulin, ana duba gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sukarin jini na kimanin wata 3 da suka wuce.