Ficewa daga yarjejeniyar NPT: abin da sashe na 10 ya ce da abin da bai ce ba

Tun bayan yaƙin kwana 12 tsakanin Isra'ila da Iran a watan Yunin 2025, saƙonni iri biyu suka riƙa yawo a WhatsApp da Facebook. Masu murna suna cewa Iran ta fice daga yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman nukiliya, wato NPT, saura kawai a ji ƙarar gwajin bam. Masu fargaba kuwa cewa suke duk ranar da ta fice, to Majalisar Ɗinkin Duniya ta halatta a afka mata ke nan. Da alama ba a leƙa takardar ba kafin a tura.

Abin da ya faru a lokacin shi ne majalisar dokokin Iran ta yi dokar dakatar da haɗin kai da hukumar makamashin nukiliya ta duniya, IAEA, shugaba Masoud Pezeshkian kuma ya ba da umarnin aiki da ita a farkon Yuli. Rufe wa sufetoci ƙofa daban, barin yarjejeniya daban.

An soma sa wa NPT hannu a 1968, ta fara aiki a 1970. Ƙasashe biyar da suka gwada bam kafin 1 ga Janairun 1967, wato Amurka, Rasha, Birtaniya, Faransa da Sin, an bar musu nasu. Sauran, har da Najeriya da Nijar da Iran, sun yi alƙawarin ba za su ƙera ba. Indiya da Pakistan da Isra'ila ba su taɓa shiga ba, don haka ba ta hau kansu ba.

To, ficewa laifi ce? A'a. Sashe na 10 ya ba kowace ƙasa wannan 'yancin idan ta ga wani gagarumin al'amari da ya shafi batun nukiliya ya jefa manyan muradunta cikin haɗari. Sharaɗin shi ne ta sanar da sauran ƙasashen da Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya wata uku kafin lokacin, ta kuma bayyana dalilinta a cikin sanarwar. A lura da kyau: ita ƙasar ce ke yanke cewa al'amarin ya kai, ba a ajiye wani alƙali da zai ce dalilin bai isa ba. Ƙasar da aka yi wa ruwan bama-bamai a cibiyoyin nukiliyarta na Fordo da Natanz da Isfahan, kamar yadda Amurka ta yi wa Iran ranar 22 ga Yunin 2025, ba za ta sha wahalar rubuta dalili ba.

Sau ɗaya aka taɓa bin wannan ƙofa, kuma cikin wayo. Koriya ta Arewa ta ba da sanarwa a Maris ɗin 1993, da ya rage kwana ɗaya wa'adin ya cika sai ta jingine. Bayan shekara goma, a Janairun 2003, ta ce ai kwana ɗayan nan kawai ya saura mata, washegari ta ce ta fita. Ƙasashe da dama ba su yarda da wannan lissafi ba. Amma takunkumi mai tsanani bai zo ba sai bayan ta gwada bam a Oktoban 2006, ta ƙudurin Kwamitin Sulhu mai lamba 1718.

A nan ne mutane suka fi ruɗewa. NPT ba ta da sashen hukunci ko ɗaya. Babu tara, babu izinin yaƙi. IAEA ce ke kai ƙara Kwamitin Sulhu, shi kuma ya ga dama ya sa takunkumi, muddin ɗaya daga cikin manyan nan biyar bai hau kujerar na-ƙi ba. Masu bam ɗin su ne dai masu alƙalancin. Sashe na 6 ya ɗora musu tattaunawa da gaskiya don kwance ɗamarar nukiliya, yau sama da shekara hamsin suna sabunta makamansu. Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi.

Haka nan yarjejeniyar ba ta ambaci kashi nawa za a tace yuraniyom ba. Iyakar kashi 3.67 da ake yawan faɗa ta fito ne daga wata yarjejeniya daban da Iran ta ƙulla da manyan ƙasashe a 2015, wadda Trump ya janye Amurka daga cikinta a 2018. Amma gaskiya tacewa zuwa kashi 60 da Iran ta yi ta wuce bukatar wutar lantarki nesa ba kusa ba, tunda na bam kusan kashi 90 ne.

Ficewa ba ta wanke laifin baya. Ƙudurin Kwamitin Sulhu mai lamba 1887 na shekarar 2009 ya jaddada haka. Ba kuma ta haifar da bam da kanta. Abin da take kawowa shi ne ƙarshen binciken dole na sufetoci, sannan kasuwa ta ƙuntata, domin sashe na 3 ya hana mambobi sayar wa ƙasar da ba ta cikin biyar ɗin nan yuraniyom sai an sa shi ƙarƙashin sa-idon IAEA. Wannan sharaɗin ya hau kan Nijar ma, duk lokacin da za ta fitar da na Arlit.