Gudun nishaɗi na farko: abin da sabon shiga ya kamata ya sani kafin a busa usur

Mintuna biyar na farko su ne ke kayar da mafi yawan masu shiga gudun nishaɗi a karon farko. Ana busa usur jama'a su zabura, sabon shiga ya ga kowa na wuce shi, sai shi ma ya saki ƙafa da irin gudun da bai taɓa yi ba. Kafin a ci kilomita ɗaya ya fara haki, gefen haƙarƙari na sukarsa, ƙafafu sun yi nauyi. Ragowar hanyar sai ta zama azaba, ya koma gida yana cewa gudu ba nasa ba ne. Wannan na damuna ƙwarai a matsayina na ma'aikacin lafiya, domin mutum ne da ya ɗauko hanyar gyara lafiyarsa, gaggawar rana ɗaya ta sa ya ajiye.

Gudun nishaɗi yawanci kilomita 5 ne, wani ma bai kai haka ba, kuma ana shirya shi ne don tara gudummawa ko wayar da kai ko motsa jiki kawai. Ya sha bamban da gudun fanfalaki mai kilomita 42.195. Shirin parkrun, wani gudun kilomita 5 da ake yi kowane mako, wanda Paul Sinton-Hewitt ya fara a Bushy Park da ke Landan a 2004 da masu gudu 13, yanzu ya bazu a ƙasashe da dama, kuma a tsarinsa akwai ɗan sa-kai da aikinsa shi ne ya riƙa tafiya a bayan kowa don kada wani ya ji shi ne na ƙarshe. Ka ga ke nan tun daga tushe an yi wa mai tafiya a hankali wuri.

Dalilin hakin da sabon shiga ke yi a farkon gudu a fili yake. Ɗoki da fargaba kan sa zuciya ta fara bugawa da sauri tun kana tsaye a layi. Idan ka ƙara da gudu mai ƙarfi, tsokoki za su nemi iskar da ta fi wadda huhu da zuciya za su iya kai musu, sai jiki ya koma ƙona sukarin da ya adana cikin gaggawa. Wannan hanya ba ta ɗorewa, 'yan mintuna ne tsoka ta fara zafi, numfashi ya ƙi isa. Ma'aunin da nake ba kowa ba ya buƙatar agogo ko na'ura: idan kana gudu kuma kana iya yi wa na kusa da kai cikakkiyar magana, saurinka daidai ne. Idan kalma ɗaya ko biyu kawai ke fita, rage. Idan ragewar ba ta wadatar ba, koma tafiya har numfashi ya daidaita. Babu abin kunya a nan, sannu ba ta hana zuwa. Kuma tun farko ka tsaya can baya a layi, kada guguwar masu sauri ta kwashe ka.

Shiri kuwa makonni yake ɗauka. Akwai tsarin da Josh Clark ya ƙirƙiro a 1996, wanda hukumar lafiya ta Birtaniya ta rungume shi, ana kiransa Couch to 5K, wato daga zaman kujera zuwa kilomita 5. Makonni 9 ne, sau uku a mako, da hutun kwana ɗaya a tsakani. A makon farko za ka yi tafiya mai ɗan sauri ta minti 5, sannan gudu na daƙiƙa 60 da tafiya ta daƙiƙa 90, kana maimaitawa har minti 20. A mako na tara ne ake kai wa ga gudun minti 30 ba tsayawa. Mutane kan raina makon farko su tsallake, kuma a nan matsala take. Zuciya da huhu suna saurin sabawa, cikin 'yan makonni za ka ji ƙarfi ya zo, amma jijiyoyi da ƙasusuwa sai sun ɗauki watanni. Wanda ya biye wa ƙarfin numfashinsa ya ninka atisaye, ciwon ƙwauri ko na gwiwa ne zai zaunar da shi.

Akwai waɗanda nake roƙo su ga likita kafin su fara: mai ciwon zuciya ko na ƙoda, mai ciwon suga, mai sikila, mai hawan jinin da bai daidaita ba, mace mai juna biyu, da duk wanda ya taɓa jin ciwon ƙirji ko ya suma yayin aikin ƙarfi. Haka ma wanda wani ɗan uwansa na jini ya rasu farat ɗaya yana matashi ba a san dalili ba. Yawancinsu ba za a hana su ba, gyara musu tsarin za a yi. Mai allurar insulin ya auna sukarinsa kafin ya fita, ya riƙe wani abu mai zaƙi a aljihu. Mai asma kada ya bar maganin shaƙarsa a gida.

Ranar gudu ba ranar gwada sabon abu ba ce. Takalmin da aka saya jiya, komai kyansa, bororo zai fitar maka a dunduniya. Sa wanda ƙafarka ta saba da shi. Ci abin da cikinka ya sani, marar nauyi, awa biyu zuwa uku kafin a fara. Ruwa kuma a sha gwargwadon ƙishirwa, domin ɗirka shi fiye da kima na iya tsinka gishirin da ke cikin jini, abin da kan kawo ciwon kai da amai da ruɗewa. Wata ɗabi'a da nake so a daina ita ce haɗiyar maganin ciwon jiki irin su ibuprofen ko diclofenac kafin gudu wai don kada a ji gajiya. Yayin gudu jinin da ke zuwa ƙoda yana raguwa, ga gumi na fita, waɗannan magunguna kuma suna ƙara mata nauyi, sannan su ɓoye ciwon da ya kamata ya tsayar da kai. Wanda ya tashi da zazzaɓi ko gudawa ya haƙura da na ranar gaba ɗaya.

Gajiya da haki da sukar gefen ciki duk an saba ganinsu, suna lafawa idan aka rage sauri. Amma ciwo ko matsewa a ƙirji, musamman mai tafiya zuwa hannu ko wuya ko muƙamuƙi, da jiri, da duhun gani, da bugun zuciya marar tsari, waɗannan a tsaya nan take a nemi ma'aikatan lafiya. Ka kuma sa ido a kan na kusa da kai. Idan ka ga wani yana tangaɗi, yana maganar da ba ta kan gado, jikinsa ya yi zafi rau, mai yiwuwa zafin jikinsa ya haura digiri 40. A kai shi inuwa, a rage masa tufafi, a kwarara masa ruwan sanyi ana fifita tun kafin motar asibiti ta iso. Idan kuwa ya faɗi ba ya amsawa kuma ba ya numfashi yadda ya kamata, a kira agaji, a fara danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi sau 100 zuwa 120 a minti.

Idan ka tsallake layin ƙarshe kada ka tsaya cak. Tsokokin ƙafa ne ke taimakawa wajen tura jini ya koma zuciya, da zarar sun daina aiki kwatsam sai jinin ya taru a ƙasa, jiri ya ɗebe ka. Ci gaba da takawa na minti 5 zuwa 10. Tsamin jiki zai biyo baya, yakan fi tsanani tsakanin awa 24 zuwa 72, kuma tafiya a hankali na sassauta shi. Wanda ba a zama da shi a gida shi ne ciwon da ya tsaya wuri ɗaya a kan ƙashi, ko kumburin da ya sa ka ɗingishi, ko fitsarin da ya rine ya yi duhu sosai tare da matsanancin ciwon tsoka.

Bayan kwana biyu ko uku, in jiki ya saki, koma kan atisayenka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko minti 75 na mai ƙarfi. Gudun minti 30 sau uku a mako, wanda shi ne ƙarshen wancan tsari na makonni tara, ya kai minti 90, ka ga ya haura minti 75 ɗin na motsa jiki mai ƙarfi.