Muhawarar Haraji, Kyautar Attajirai da Giɓin Ciniki a Kano

Muhawarar haraji a Kano tsohuwar taƙaddama ce a kan wanda ya kamata ya ɗauki nauyin jama'a: hukuma da kuɗin da take karɓa, ko kuwa masu hali da abin da suke fitarwa don Allah. Da yake Kano gari ne na fatauci, maganar ba ta rabuwa da batun giɓin ciniki, wato halin da ƙasa ke shiga idan kayan da take sayowa daga waje sun fi waɗanda take sayarwa tsada.

Asali

Tun kafin zuwan Turawa a 1903 sarakunan Kano suna karɓar kuɗin ƙasa daga manoma, jangali daga makiyaya, da kuɗin karofi daga marina, ban da zakka. Turawa suka tattara wasu daga cikin waɗannan, suka ɗora haraji a kan kowane baligi, kuɗin na bi ta hannun mai unguwa da dagaci da hakimi zuwa baitulmalin En'e. Yadda aka riƙa karɓarsa ne ya ɓata masa suna. Dattawa na tuna mutumin da aka shanya a rana, da wanda ya sayar da akuyarsa ɗaya tilo, da wanda ya bar garinsu cikin dare. Jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, ta gina farin jininta a kan wannan ƙorafi na talakawa, kuma da Muhammadu Abubakar Rimi na PRP ya hau kujerar gwamna a 1979, soke haraji da jangali na cikin abin da ya fara yi. Wanda bai san wannan tarihi ba zai yi mamakin yadda kalmar haraji ke sa Bakano ya ɗaure fuska har yau.

Harajin zamani

Harajin VAT, wanda ake ɗorawa a kan kaya da ayyuka, ya fara aiki a Najeriya a 1994 a kan kashi 5 cikin ɗari, aka ɗaga shi zuwa 7.5 a 2020. A watan Oktoban 2024 Shugaba Bola Tinubu ya aika wa majalisa ƙudurorin gyaran haraji, gwamnonin Arewa suka ƙi amincewa da sabon tsarin rabon VAT, suna ganin zai fifita jihohin da manyan kamfanoni ke da hedikwata. Bayan gyare-gyare aka sa wa dokokin hannu a watan Yunin 2025, VAT ya tsaya a kan 7.5, aka kuma yafe wa wanda samunsa bai wuce naira 800,000 a shekara ba harajin albashi.

Amma a kasuwar Kantin Kwari ko ta Singa ba wannan ne abin da aka fi tattaunawa ba. Mai shago zai buɗe durowa ya nuna maka rasitai: na ƙaramar hukuma, na jiha, na shara, na allon talla, na sauke kaya. Sai ya nuna maka kwatar da ta toshe a bakin shagon da injin janareton da ke ruri tun safe. Kukansa shi ne yawan masu karɓa da rashin ganin inda kuɗin ya shiga, kuma kuka ne mai hujja.

Kyautar attajirai

A nan ne ake kawo attajirai misali. Daga gidan Alhasan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, aka samu Aminu Ɗantata da Hajiya Mariya Sanusi Ɗantata, da aka sani da ciyar da mabuƙata. Ɗanta Aliko Ɗangote ya kafa gidauniyarsa a 1994, ya kuma gina wa Jami'ar Bayero makarantar koyon kasuwanci. Abdussamad Isyaka Rabi'u na kamfanin BUA ya ƙaddamar da gidauniyar ASR Africa a 2021 don tallafa wa ilimi da lafiya. Ƙasa da waɗannan akwai ɗaruruwan alhazan kasuwa da ba a buga sunansu a jarida: mai haƙa rijiyar burtsatse a unguwa, mai biya wa marayu kuɗin makaranta, mai raba buhunan gero da shinkafa ana jibi azumi, mata sun yi layi a ƙofar gida tun asuba. Jiha kuma tana da Hukumar Zakka da Hubusi, duk da cewa yawancin masu dukiya sun fi son fitar da ɗaya bisa arba'in ɗinsu da hannunsu.

Masu fifita wannan hanya suna cewa kyauta tana isa hannun mai buƙata ba tare da an yashe ta a ofis ba. Masu ja da su suna cewa kyauta ganin dama ce. Mai bayarwa shi ke zaɓen unguwa da lokaci, idan kasuwa ta juya masa baya ko ya rasu sai abin ya tsaya, kuma talaka ba shi da bakin tuhumarsa kamar yadda zai tuhumi gwamnatin da ta karɓi kuɗinsa. Hujjar masu ja ta fi nauyi idan aka zo kan albashin malaman firamare da ruwan famfo, abubuwan da ake buƙata kowane wata. Akwai kuma inda iyakar ke rikicewa: dokar shugaban ƙasa ta 2019 ta bai wa kamfanoni damar gina hanya a cire musu kuɗin daga harajinsu, don haka ba duk titin da kamfani ya shimfiɗa ne sadaka ba.

Giɓin ciniki

Najeriya ta samu giɓi a cinikinta da waje a 2020 da 2021, daga baya ta koma samun rara, amma ɗanyen mai ne ke ɗauke da mafi yawan rarar. A Kano giɓin ana ganinsa da ido. Garin da matafiyi Bajamushe Heinrich Barth ya tarar a 1851 yana tura saƙi da rini har Timbuktu da Tarabulus, yau dilolin atamfa da shadda daga Sin da Indiya ne ke cika Kwari, masaƙu da dama a Bompai da Sharaɗa da Chalawa kuwa sun rufe saboda rashin wuta, tsadar bashi da fasa-ƙwauri. An gwada magani iri-iri. Babban Banki ya hana dala ga masu shigo da kaya iri 41 a 2015, ya janye a 2023. An rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020: injinan casar shinkafa sun yawaita a Kano, farashin kwano kuma ya tashi. Matatar Ɗangote da ke Legas, mai ƙarfin tace ganga 650,000 a rana, ta fara fitar da fetur a 2024, abin da ya rage shigo da shi.

Abin da Kano ke fitarwa yanzu yawanci ɗanye ne: riɗi da zoɓo daga kasuwar Dawanau, da fatun da ake jemewa a tura Turai, can a ɗinka takalmi da jaka. An buɗe tashar tsandauri ta Dala a 2023 domin a riƙa kammala takardun kwastan a nan gida kafin kaya su kama hanyar Legas.