Ɗalibi da motar kwana a gaɓar tekun Ostireliya: tambayoyi da amsoshi

Idan jami'o'in Melbourne suka tafi dogon hutu daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin zafi ke nan a can, ɗalibai kan haɗa kuɗi su yi hayar motar kwana su bi hanyar da ake kira Great Ocean Road a jihar Viktoriya.

Wace irin mota ce wannan?

Ƙaramar bas ce irin Hiace da muka saba gani a tasha, an cire kujerun baya an sa gado, da ɗan firji, da murhun gas, da tankin ruwa. Manyan suna da banɗaki. Masu arahar da aljihun ɗalibi zai iya ɗauka yawanci ba su da shi, kuma wannan shi zai yanke maka inda za ka kwana.

Me ya sa hanyar ta yi suna haka?

Tsawonta kilomita 243 ne, daga Torquay zuwa Allansford kusa da Warrnambool. Sojoji kusan 3,000 da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Ɗaya ne suka sare ta a jikin tsaunin bakin teku, da diga da shebur da nakiya, daga 1919 zuwa 1932, don tunawa da 'yan'uwansu da suka faɗi a fagen fama. Abin da ya fi jan jama'a shi ne dogayen duwatsun da ke tsaye cikin ruwa kusa da Port Campbell, waɗanda ake kira Twelve Apostles, wato Manzanni Goma Sha Biyu. Kada ka tsaya ƙirga, ba su kai goma sha biyu ba, kuma teku na ci gaba da cin gindinsu: ɗaya mai tsayin mita 50 ya rushe a 2005. Can gaba kaɗan, a 1990, gadar dutsen da ake kira London Bridge ta karye ta bar mutum biyu a kan ɓangaren dutsen da ya rage a tsakiyar ruwa, sai da jirgi mai saukar ungulu ya ɗauko su. Akwai kuma Loch Ard Gorge, wani lungun teku tsakanin duwatsu, kusa da inda jirgin ruwa ya nitse a 1878, mutum biyu kacal suka tsira daga cikin 54.

Lasisin tuƙi na gida zai yi aiki?

Zai yi, amma na ɗan lokaci. A Viktoriya wanda ya zauna wata shida dole ya canza zuwa lasisin jihar, ko da bizar karatu yake da ita. Na Najeriya da Turanci yake, na Nijar kuwa da Faransanci, sai an haɗa shi da fassarar da hukuma ta amince da ita. Kamfanonin haya da yawa ba sa ba wanda bai kai shekara 21 ba. Babban aikin dai shi ne hannun hagu ake bi, mu kuma dama muka saba. Kuskuren ya fi faruwa idan ka tsaya kallon teku, za ka koma kan titi babu wata mota da za ta tuna maka hannunka.

Tunda gadona yana cikin mota, ba zan iya kwana ko'ina ba?

Nan ne mutane ke yaudarar kansu. A garuruwa irin Torquay da Lorne da Apollo Bay an hana kwana cikin mota a bakin titi ko a wurin ajiye motoci, kuma jami'an ƙaramar hukuma na zagayawa suna rubuta tara. Sai dai ka biya a filin kwana mai banɗaki da wuta, ko ka kama wuri ta intanet a gandun dajin Great Otway. Daga Kirsimeti zuwa ƙarshen Janairu wuraren kan cika maƙil, don haka wanda bai kama da wuri ba ya shiga uku. A ganina wanda ya yi lissafin haya da mai kawai bai yi lissafi ba.

Kwana nawa ya kamata a ware?

Motocin yawon buɗe ido na zuwa su dawo a yini ɗaya, amma wannan wahala ce kawai. Kwana uku ya fi. Ka fara daga Torquay ka nufi yamma, don hannun da kake bi ya zama na gefen teku. Ka tsaya a Kennett River ka ɗaga kai, akwai koala, wata ƙaramar dabba mai gashi, a kan itatuwan turare. Dawowa ta Colac ya fi sauri.

Sallah da abinci fa?

Ka yi guzurin naman halal tun daga Melbourne, shagunan Sydney Road a Brunswick da Coburg sun wadatar, don da wuya ka samu a ƙananan garuruwan hanya. Alƙibla a can yamma take, ta ɗan karkata arewa, ba gabas ba. Tafiyar kuma ta kai a yi ƙasaru.

Mene ne ya fi haɗari?

Ruwan. Tekun nan yana da sanyi ko a lokacin zafi, kuma akwai igiyar da ke jan mutum ta yi ciki da shi, ko da a inda ruwan ya yi kamar ya kwanta. Kada ka shiga sai tsakanin tutoci masu ja da rawaya, inda masu ceto ke tsaro. Ka guji tuƙi da asuba da magariba, lokacin da kangaru ke tsallaka titi. Ranar da aka ayyana dokar hana kunna wuta saboda gobarar daji, ko gawayin gashi ba a hurawa a waje. Lambar gaggawa 000 ce, sai dai a wasu sassan dajin Otway waya ba ta da sabis, don haka ka sauke taswira tun kafin ka bar gari.