Ma'anar Hutun Dole a Harkar Jiragen Sama

Ranar 1 ga Oktoba 2020, ana cikin annobar korona da ta durƙusar da tafiye-tafiye, kamfanin American Airlines ya tura ma'aikata 19,000 gida, United kuma kimanin 13,000. Mutane da yawa sun ɗauka korar su aka yi. A takarda dai ba a kori mafi yawansu ba. Abin da ya same su shi ne wanda Turawa ke kira furlough, mu kuma muke cewa hutun dole, wasu su ce hutu ba albashi.

Asalin kalmar daga harshen mutanen Holan take, ma'anarta izini, kuma da can sojan da aka bari ya je ganin gida ake faɗa wa ita. Yau ta koma nufin kamfani ya ce wa ma'aikaci ya zauna a gida, albashi ya tsaya, amma sunansa yana nan a rajista, kuma shi za a fara nema idan kasuwa ta farfaɗo. Wanda aka sallama, an tsinke igiya, an biya shi haƙƙinsa idan an yi adalci, ya san inda ya dosa. Mai hutun dole kuwa kamar matar da miji ya yi tafiya ya bari ne, ba ci ba sha, ba kuma saki. Kakinsa na rataye a ɗaki, katin shaidarsa na cikin aljihu, kullum yana duba waya. Kalmar "hutu" da ke ciki tana damuna, domin mai kuɗin haya da kuɗin makarantar yara a kansa bai huta ba.

Dalilin da wannan abu ya fi yawa a harkar jirage yana cikin irin hajar da suke sayarwa. Kujerar jirgi kayan gwari ce, ta ma fi tumatir saurin lalacewa: da zarar an rufe ƙofa jirgi ya tashi da ita ba kowa, kuɗinta ya tafi har abada. Ga hayar jirgin da inshora, fasinja ya zo ko bai zo ba sai an biya. Manyan abubuwa biyu da ke cin kuɗin kamfani su ne mai da albashi. Idan aka ajiye jirgi, kuɗin mai ya tsaya da kansa, sai ido ya koma kan albashi. Jirgi ɗaya kuma ba matuƙa biyu kawai yake ciyarwa ba. Doka ta ƙayyade awannin da matuƙi zai yi a sama, don haka kowane jirgi yana da rukunin matuƙa da masu hidimar fasinja da ke karɓa-karɓa, ban da injiniyoyi da masu lodin kaya da masu yankan tikiti.

Shi ya sa rage zirga-zirga da hutun dole suke tafiya kamar Ɗanjuma da Ɗanjummai. Garin da ake zuwa sau uku a rana ya koma sau ɗaya, ƙaramin gari kuma a daina zuwa gaba ɗaya. Jiragen da suka yi saura a kai su wuri mai bushewar iska inda tsatsa ba ta kama ƙarfe, kamar Victorville a hamadar Kalifoniya ko Teruel a Sifen. A nan za a ga su jere, an rufe bakin injina, an liƙe tagogi, an toshe ƙananan bututun auna gudu don kada ƙwari su yi gida a ciki.

To me ya hana kamfani ya sallami mutum kowa ya huta? Domin matuƙi ba ya samuwa a dare ɗaya. Horar da shi a kan samfurin jirgi guda yana cin watanni da kuɗi masu yawa, kuma ƙa'ida ce sai ya tashi ya sauka sau 3 cikin kwana 90 kafin a yarda ya ɗauki fasinja. Kamfani yana son ya riƙe wannan ƙwarewar a hannu ba tare da ya biya ta ba. Shi ma matuƙin, musamman a Amurka, akwai abin da ke ɗaure shi: lambar jimawa a aiki. Ita ce ke yanke masa albashi da girman jirgin da zai tuƙa da ranakun hutunsa, kuma wanda ya zo ƙarshe shi ake fara turawa gida. Idan ya koma wani kamfani, ko ya shekara 15 yana kyaftin, daga ƙasan layi zai faro. Don haka yake haƙuri ya jira. Bayan harin 11 ga Satumba 2001, lokacin da American da United kowanne ya sanar da rage guraben aiki 20,000, akwai matuƙan da suka shafe kusan shekara goma kafin a kira su.

Nauyin hutun dole ya danganta da ƙasar da mutum yake. A 2020, shekarar da yawan fasinjojin jirgi a duniya ya ragu da kashi 60 cikin ɗari, gwamnatin Birtaniya ta ɗauki biyan kashi 80 cikin ɗari na albashin wanda aka tura gida, har zuwa fam 2,500 a wata. Amurka ta ba kamfanonin fasinja dala biliyan 25 a Maris bisa sharaɗin kada su tura kowa gida sai bayan 30 ga Satumba. Wa'adin na cika, washegari takardun hutun dole suka fara aiki.

A Najeriya babu irin wannan matashi da mutum zai faɗa a kai. An rufe filayen jirgi ga jiragen waje a Maris 2020, na cikin gida suka dawo a Yuli, na waje sai 5 ga Satumba. Babu alhazan da suka tashi daga nan a 2020 da 2021, kuma jigilar alhazai ita ce kakar kamfanoni irin su Max Air, da direbobin tasi da 'yan dako da 'yan canji na kewayen filin Malam Aminu Kano, waɗanda ba wanda ya ba su ko takardar hutu. Sashe na 20 na Dokar Ƙwadago ya ce idan za a rage ma'aikata a sanar da ƙungiyarsu, a fara da wanda ya zo ƙarshe, a tattauna kuɗin sallama. Abin da nake tsoro shi ne hutun da ba shi da ranar ƙarewa, domin yana iya zama hanyar kauce wa wannan sashe: a bar mutum a gida har ya gaji ya ajiye aiki da kansa, ba a biya shi ko kwabo ba. Duk wanda aka miƙa wa irin wannan takarda, ya duba ko an rubuta wa'adi, ko kuɗin asibiti da fansho suna ci gaba, ko shekarunsa na aiki za su ci gaba da ƙirguwa, ko kuma an yarda ya nemi wani aikin kafin a kira shi.

Mutane da yawa ba su jira kiran ba. Da fasinjoji suka dawo a 2022, masu lodin kaya da masu binciken fasinja sun riga sun kama wasu sana'o'i. Jakunkuna suka yi tsibi a filin Heathrow na Landan, har a watan Yuli hukumar filin ta ƙayyade masu tashi zuwa 100,000 a rana, ta roƙi kamfanoni su daina sayar da tikitin wannan lokacin.