Ƙwayar cutar da ta ƙi jin magani: jan hankali ga masu jinya a Zariya

Duk mai jinyar ɗan'uwa a asibitin Shika ko na Kofar Gayan ya riƙa lura da wurin da aka soka allurar ƙarin ruwa. Ta wannan 'yar ƙofa ƙwayar cuta kan bi ta shiga jini. Idan wurin ya yi ja, ya kumbura, yana zafi ko yana fitar da mugunya, a gaya wa nas nan take. Robar fitsari ma haka: kowace rana da ta ƙara a jiki, haɗarin yana ƙaruwa, don haka ba laifi ba ne a tambayi likita ko har yanzu ana buƙatarta. Jakar fitsarin ta zauna ƙasa da mara, kada ta taɓa ƙasa.

Waɗanda abin ya fi kamawa su ne bakwaini, tsofaffi, masu ciwon suga, masu wankin ƙoda, da wanda ya daɗe kwance a asibiti.

Amma matsalar tun daga gida take farawa. Mutum ya ji zazzaɓi, ya aika kemis a sayo ampiclox guda huɗu, ko a yi masa allurar ceftriaxone sau ɗaya, ya ji sauƙi ya daina. Raunanan ƙwayoyin sun mutu, masu taurin kai sun saura sun yi ta hayayyafa. Ranar da ƙwayar cuta mai taurin kai irin wannan, kamar Klebsiella ko E. coli, ta shiga jini, ceftriaxone ba ya taɓa ta, sai an koma maganin meropenem mai tsada, kwanakin asibiti su ƙaru, wani lokaci ƙoda ta tsaya. An ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda bijirewar ƙwayoyin cuta ga magani, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi shan wahala.

Shi ya sa ake ɗibar jini kafin a fara magani, a noma ƙwayar a ɗakin gwaji don a gano maganin da zai kashe ta. Babba ana ɗibar mil 8 zuwa 10 a kowace kwalba, sakamako kan ɗauki kwana 2 zuwa 3. Wasu kan ce an shanye wa mara lafiya jini; cokali biyu ne na shayi a kowace kwalba. Ku kawo kwalin duk maganin da ya sha a gida, ko kunya ta hana faɗa.

Zazzaɓi sama da digiri 38, sanyin jiki ƙasa da 36, numfashi da sauri, sambatu, ƙarancin fitsari: kada a jira zagayen safe, a kira ma'aikaci. Kafin a taɓa majinyaci kuma, a wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 40 zuwa 60.