Fito da sarauniya da wuri a wasan ces: ba kullum ne kuskure ba

A majalisun 'yan ces a Gombe an daɗe ana cewa duk wanda ya fito da sarauniya da wuri ya yi ɓarna. Maganar tana da tushe, don abokin karawa zai yi ta korar ta, yana fito da mayaƙansa a sauƙaƙe.

Amma ba kullum ba. Fari ya tura ƙaramin soja gidan e4 (kowane gida a allo yana da harafi da lambarsa), baƙi ya amsa da nasa a d5, fari ya ci shi, sarauniyar baƙi ta rama tun a motsi na 2. Dokin fari ya fito c3 ya taso mata, sai ta koma a5 ta zauna daram. Manyan gwanaye ma suna buga wannan.

Ku shimfiɗa allo ku gwada, ku ƙirga sau nawa aka tilasta mata gudu. Don Allah a tura wa masu koyo.